A wane rukuni zan sa Cezanne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin makaranta kan tarihin zane a Turai, na maƙale a kan Paul Cezanne. Ya baje zanensa tare da su Monet da Renoir a nunin farko na 'yan Impressionism (salon zanen da ke ƙoƙarin kama haske da launi kamar yadda ido ya gan su nan take) a birnin Faris a 1874, ya sake shiga a 1877. Amma littattafai suna haɗa shi da Van Gogh da Gauguin a Post-Impressionism (wato rukunin masu zanen da suka biyo bayan Impressionism), sunan da mai sharhin zane Roger Fry ya raɗa a Landan a 1910, shekara 4 bayan rasuwar Cezanne. Malaminmu kuwa rukuni ɗaya yake so ga kowane mai zane. To da me ake rabewa, da zamani ko da salon hannu? Don Allah masana ku warware mini.