Yaya ake ɓoye mai kisa a garin da ba a iya ƙarya?

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina fama da wani labari, na cije a babi na shida. Birni na gina a cikin wani jirgin sararin samaniya da ya yi shekara 200 yana tafiya. Tun ranar suna ake sa wa kowa zobe a wuya, in ya yi ƙarya sai zoben ya yi ja. Babu lauya, babu shaida, alƙali tambaya ɗaya yake yi. To an tsinci gawar mai kula da tankin ruwa, kuma a nan gizo ke saƙar: in mai bincike ya jera mutane ya ce "kai ka kashe shi?", ai labari ya ƙare a shafi biyu. Na so in ba mai kisan wata na'ura da ke kashe zoben, amma hankalina bai kwanta ba. Ina mafita?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yar da na'urar nan. Tun 1929 marubuci Ronald Knox, cikin ƙa'idoji goma da ya tsara wa masu labarin bincike, ya hana kawo na'urar da sai an yi mata dogon bayanin kimiyya a ƙarshe. Mai karatu so yake ku yi tseren gano mai laifi, ke kuma za ki hau doki ki bar shi a ƙasa.

Ki nemi littafin The Naked Sun na Isaac Asimov, na 1957. A duniyar Solaria da ya ƙaga a ciki, mutum 20,000 ne kacal, kowane ɗaya da mutum-mutumi 10,000. Kowa yana gidansa shi kaɗai ko da abokin aurensa, ta hoto suke ganin juna, tsayawa kusa da wani ma ƙyamarsa suke yi. Sai aka fasa wa wani kai. Mutane ba sa kusantar juna, mutum-mutumi kuma doka ta hana shi cutar da ɗan'adam. Asimov bai rushe dokar ba, tsaga ya nemo a jikinta: mutum-mutumi ba ya cutarwa yana sane. Amma a ce wa wannan ya zuba wani ruwa a kofi, a ce wa wancan ya miƙa kofin, wa ya san guba ce a cikinsu?

Naki zoben ma haka. Gaskiya yake aunawa, ko abin da mai maganar ya yarda da shi? Ki amsa wannan tun babi na ɗaya, a gaban mai karatu.

Mai Gardama:
Malam, a gafarce ni, ni ba a nan na ga matsalar ba. 'Yar'uwa, mutanen da suka shekara 200 da zobe a wuya ba za su yi magana irin tamu ba. Za su ƙware a habaici da kewaye-kewaye, tambaya kai tsaye ta zama zagi, shiru ya zama haƙƙin da ba a taɓa shi. Miji ma ba zai tambayi matarsa ko tana sonsa ba. Ke kin sa zobe, kin bar musu bakinmu. Gyara wannan, mai bincikenki ba zai ma samu damar jera kowa ba.

Kuma ba dole ne a ɓoye mai kisa ba. A littafin The Demolished Man na Alfred Bester, wanda ya ci kyautar Hugo ta farko (ta ƙagaggun labaran kimiyya) a 1953, akwai masu karanta zuciya har cikin 'yan sanda, kuma tun farko mun san wa ya yi. Wata gajeriyar waƙa mai naci mai kisan ya cusa a kansa tana ta juyawa, don kada a leƙa tunaninsa.

Alƙalamin Dare:
Na gode, Malam. Mai Gardama, ka taɓa ni inda ke ciwo: na koma babi na biyu na tarar da uwa tana tambayar ɗanta "ina ka je?" kamar ba komai. Zan sake shi. Yanzu ina tunanin mutum uku ne suka rufe bututu uku, kowa da dalilinsa na aiki, ba wanda zobensa zai yi ja. Saura in gano wa ya rubuta jadawalin aikin ranar, da yadda zan nuna shi tun da wuri ba tare da an farga ba.