Shawarwarin direbobi kan sauya giya ba tare da fizga ba

Yawancin direbobin da suka tofa albarkacin bakinsu kan abin da ke sa mota fizga wajen sauya giya sun ɗora laifin a kan ƙafar hagu, wadda ake taka kuloci da ita. Suka ce ka ɗaga ƙafar dama daga totur, ka taka kuloci har ƙasa, sannan ka sa giya. Wajen saki kuwa, ka ɗan dakata daidai inda motar ta fara kamawa, kana ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Daga giya ɗaya zuwa biyu aka fi jin fizgar, don tazarar da ke tsakaninsu ta fi yawa.

Wani makanike ya ja kunne cewa ɗora ƙafa kan kuloci ana cikin tafiya yana cinye faifansa, kuma da gaskiyarsa. Ribas kam, kada ka sa sai mota ta tsaya cak.