Ciwon hanta na B na da rigakafi, na C kuwa me ya hana?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya je ba da jini saboda za a yi wa matar maƙwabcinmu tiyata, da aka gwada sai aka ce yana da ciwon hanta nau'in C. Washegari na kwashi matarsa da yara muka tafi asibiti don a yi musu rigakafi. Ma'aikaciyar ta ce na B ake da shi, na C babu shi ko a Turai. Abin bai kwanta mini ba. Korona da ta zo jiya-jiya an samar mata da allura cikin shekara guda. Anya ba masu sayar da magani ne suka danne ba?

Malam Na-Lab:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya. Gaskiya ta faɗa maka, kuma ba dannewa aka yi ba, ƙwayar ce ta gagara.

Ƙwayar B ba ta cika sauya kama ba. Furotin ɗin da ke bayanta shi ake nuna wa jiki ya haddace. A 1981 daga jinin masu ɗauke da cutar ake tace shi, a 1986 aka koma haɗa shi a cikin yis, wato abin da ke kumbura burodi, irin wanda ake yi wa jariranmu ranar haihuwa ke nan. Ita kuwa C hawainiya ce. Duk lokacin da ta hayayyafa sai ta yi kuskure wajen kwafar kanta, a jikin mutum ɗaya ma za ka tarar da iri-iri. Kafin garkuwar jiki ta gane wannan, wancan ya fito. Shi ya sa wanda ya warke ma zai iya sake kamuwa.

Sannan a kan wa za a gwada? Ban da ɗan Adam, birin cimfanzi ne ke kamuwa da ita, kuma Amurka ta daina bincike da su a 2015. Ɓera ba ya ɗauka sai an yi masa dabaru.

An dai gwada. Akwai allurar rigakafin C da aka yi wa mutum 548 masu tsira wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi a Amurka, rabi aka ba su ta gaske, rabi ruwan gishiri. Sakamakon ya fito a 2021: garkuwar jiki ta motsa, yawan ƙwayar a jini ya ragu, amma waɗanda cutar ta zaune musu adadinsu ɗaya a ɓangarorin biyu. Yanzu wasu masana na neman a sa wa masu sa kai ƙwayar da gangan bayan an yi musu allurar rigakafin, in ta kama a warkar da su da magani. Ni kam ba zan miƙa hannuna ba, amma na fahimci hujjarsu.

Maman Hadiza, Diffa:
Malam, ku riƙa tunawa da nau'in E. A 2017 ya ɓarke mana a nan, ta gurɓataccen ruwa a sansanonin 'yan gudun hijira, kuma masu juna biyu ya fi kashewa. Ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a jiƙa saiwa, kwana kaɗan sai gawa. Abin takaici, Sin ta amince da rigakafinsa mai suna Hecolin tun 2011, bayan gwaji a kan mutum sama da dubu ɗari. Sai a 2022 aka fara amfani da shi lokacin annoba, a Bentiu ta Sudan ta Kudu. Naku ba a samo ba, namu an samo bai iso ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙansu, Hajiya. To Malam, yanzu me za mu yi wa Yaya?

Malam Na-Lab:
Gwajin da ake yi wajen ba da jini alamar cewa ƙwayar ta taɓa shiga kawai yake nunawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu jikinsa kan kore ta da kansa. A yi masa gwajin yawan ƙwayar a jini tukuna. In tana nan, akwai magani irin su sofosbuvir, ana sha mako 12, fiye da kashi 95 cikin ɗari na warkewa. A gwada matar da yaran, wanda bai yi allurar B ba a yi masa. Reza, askar wanzami da abin yanke farce kuwa kowa ya riƙe nasa.