Ƙarar da ake kai mutum don ya yi shiru, me za mu kira ta?

Jama'a, ku taya ni. Tun jiya da La'asar nake kokawa da kalma ɗaya a wani rahoto da aka ba ni in mayar Hausa, har na baro ofis a Garki ba mu rabu ba. Kalmar ita ce SLAPP. Harufan farko ne na wata doguwar jimlar Turanci, wasu malamai biyu na Jami'ar Denba a Amurka suka haɗa su a shekarun 1980. Abin da ake nufi: ƙarar da mai ƙarfi ke maka wa wanda ya yi magana a kansa, ba don yana sa ran cin shari'a ba, sai don kuɗin lauya da zaryar kotu su galabaitar da shi, shi ya yi shiru, masu kallo kuma su shiga taitayinsu.

Abin ba baƙo ba ne a nan, sunan ne ba mu da shi. Na ga irinta da idona. Wani abokin aikina ya rubuta labarin wata kwangila, bayan mako biyu takardar lauya ta iso, shafi huɗu, da jan hatimi, ana neman diyyar da ko gidan gadonsu aka sayar ba zai biya rabinta ba. Shekara biyu ana ɗage zama. Ba a taɓa shiga gundarin maganar ba. Ranar da aka janye ƙarar ya riga ya sayar da motarsa, kuma har yau in aka ambaci kwangila sai ya duƙufa kan wayarsa.

Na fara da "ƙarar ɓata suna". Bai yi ba. Ɓata suna laifi ne da sashe na 391 na Final Kod, wato kundin dokar laifuka, ya fayyace, shi ake aiki da shi a kotunan Abuja, kuma wanda aka yi wa sharri na gaske yana da haƙƙin neman a wanke shi. In muka haɗa su suna ɗaya mun zalunce shi. Da na ga wani ya kawo "ƙazafi" kuwa sai na ce a'a, Malam, a ajiye wannan. Ƙazafi yana da gurbinsa a fiƙihu, jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, bulala 80 a Suratun Nur. Ya kamata masu fassara labarai su daina jawo shi duk lokacin da ɗan siyasa ya ji haushin wani rubutu.

Wata Hajiya da ta daɗe a aikin rediyo ta ce "ƙarar toshiyar baki". Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma toshiyar baki an riga an kama wurin. Kowa ya ji zai ɗauka ambulan aka miƙa, alhali a nan aljihun mutum ake zazzagewa.

Wadda ta kwanta mini ita ce "ƙarar takunkumi". Duk wanda ya taɓa ganin jaki da takunkumi yana ratsa gona ya gane hoton: ba a yanka shi ba, ba a ɗaure ƙafarsa ba, kayan na nan a bayansa, bakin kawai aka kama. Sai wani Barista ya tuna mini cewa kalmar ta sha aiki. A 2020 takunkumi shi ne ƙyallen korona, a 2023 shi ne abin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar. Mai sauraro zai zaci ƙara ce a kan rufe iyaka. Na ji zafi, amma gaskiyarsa ce.

Shi Baristan ya ƙara da cewa tamu ta fi ta Turawa haƙora. A can galibi shari'ar diyya ce. 'Yar jaridar Malta, Daphne Caruana Galizia, da aka kashe a 2017, ta bar ƙararraki sama da 40 a kanta, abin da ya ingiza Tarayyar Turai ta yi doka kan lamarin a 2024. A nan kuwa sau da yawa ɗan sanda ne ke fara sallama. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya sha kai mutane ɗakin tsaro kafin a yi masa gyara a 2024, bayan kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A Disambar 2024 an ɗauko lauya Dele Farotimi daga Legas zuwa Ekiti kan littafin da ya rubuta, a Janairun 2025 mai ƙorafin ya janye. Ban ce wannan shari'ar ita ce abin da muke nema wa suna ba, ku zama shaida, ni ma ba ni da motar sayarwa. Don haka duk kalmar da muka tsayar, a labarai sai an jingina ta: "abin da lauyoyinsa suka kira kaza".

Da daddare na kai maganar teburin mai shayinmu a Nyanya. Na ce masa, Malam, in ka ji an ce ƙarar takunkumi me za ka fahimta? Ya tsaya da kofi a sama, ya ce, "Ta Nijar?" Na ce to ƙarar rufe baki fa? Bai ko ɗago daga shayin da yake fifitawa ba, ya ce, "Irin wadda manya ke kai yara 'yan Facebook."

Na sa "ƙarar rufe baki" na tura wa edita da safe. Wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo kafin ƙarfe huɗu, lokacin ake rufe shafi.