Wane suna za mu ba irin katun ɗin "Bushiya cikin Hazo"?

Malamar firamare: Assalamu alaikum. Akwai gajeren fim ɗin Rasha na 1975 da Yuri Norstein ya shirya a kamfanin katun na Soyuzmultfilm, minti goma kacal. Bushiya ce ta fita da dare za ta wurin abokinta ɗan beyar su sha shayi su ƙirga taurari, sai hazo ya rufe ta. Yara kan yi tsit a kansa domin tsoron da ke ciki daidai ƙarfinsu ne: mujiya na binta, ga farin doki da ba a ganinsa sosai, bushiyar ta faɗa kogi amma ta tsira. Turawa na kiran salon aikin cut-out animation. Malamai, me za mu ce da Hausa?

Mai zanen katun: Wa alaikumus salam, Malama. "Zane mai motsi" ya yi faɗi, ya haɗa kowane irin katun. A nan ba a sake zana bushiyar a kowane hoto. Sau ɗaya ake zana ta, a yanke kai daban, jiki daban, ƙafafu daban, a shimfiɗa a kan gilashi, kyamara na kallo daga sama. Sai a matsar da ƙafa kaɗan da hantsaki, a ɗauka, a sake matsarwa. Hoto 24 ke cika daƙiƙa ɗaya, minti goma kuwa 14,400 ke nan. Ni da za a bi tawa, "yankakken katun".

Mai tace fim: Malam, wannan zai rikita mutane. A wurin aikinmu yankakken fim shi ne wanda aka cire masa wani sashe. "Katun ɗin takarda" ma bai cika ba, tunda ana yanka gutsattsarin daga leda mai ƙarfi wadda ake gani ta cikinta, a shafa mata fenti.

Mai ɗaukar hoto: Ku duba jerin, nan ne aikin yake. Gilasai ne hawa-hawa da tazara tsakaninsu: ciyawa a na sama, bushiya a tsakiya, bishiyoyi a ƙasa, shi ya sa dajin ke da zurfi. Hazon ma siririyar takarda ce aka ɗora a kan zanen, ana ɗaga ta sannu a hankali zuwa kyamara, hoto bayan hoto, har abin da ke ƙasa ya dusashe. Mai son gwadawa ya kiyaye: fitila ta tsaya gefe, in ta haska gilashin kai tsaye za ta fito a hoton. Hasken rana ba ya yi, yana sauyawa, fim ɗin sai ya riƙa ƙyaftawa. A kashe fanka, iska kaɗan na ture gutsure, kuma mayar da shi daidai inda yake sai an sha wuya. Saboda haka na ce "yanka-jera".

Mai zanen katun: Na yarda, ɗan'uwa. Ya bi tsarin "faɗi-tashi", bakin yaro zai ɗauke shi, kuma ya raba shi da katun ɗin 'yar tsana, wanda a tsaye ake motsa shi.

Malamar firamare: To, katun ɗin yanka-jera ke nan, mai yin sa kuma ɗan yanka-jera. Saura sunan teburin gilasan nan mai hawa-hawa.