Wane gem ne ake jin saukar duka a hannu?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Makon jiya na sayi na'urar gem ta PS4 ta hannu, kuma na gaji da buga ƙwallo. Gem ɗin faɗa nake so, amma irin wanda in na kai duka zan ji ya sauka. Akwai wani da na yi wata biyu ina bugawa a waya, zanensa ba laifi, sai dai ko da takobi na sari mutum ji nake kamar iska na sara. Jininsa, wato ma'aunin ransa, yana raguwa a saman allo, ni kuwa hannuna bai ji komai ba. Allah ya sa kun gane abin da nake nufi.

Oga Mai Shago: Wa alaikumus salam. Na gane sarai, ƙanena. Tun zamanin PS2 nake riƙe da shagon gem, kuma na lura yara ba sa daɗewa a kan gem ɗin da dukansa ba shi da nauyi, komai kyawunsa. Fara da God of War na 2018. Kratos, jarumin gem ɗin, yana da gatari a ciki, kana jefa shi ya kafe a jikin maƙiyi ko a bango, sai ka danna botin tirayangul ya dawo. Ka saurari yadda yake tahowa yana kaɗawa a iska, sannan ya faɗo tafin hannunsa tim, fad ɗin, wato abin da kake riƙewa kana buga gem, ya girgiza a naka hannun a daidai wannan lokacin. Na ga yaran da suke tsayawa a fili babu maƙiyi ko ɗaya, suna ta jefawa suna kira, don daɗin abin kawai.

Injiniya: Oga ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara da dalilin da ya sa na wayarka yake kamar saran iska. A gem ɗin da aka gina da kyau, duk lokacin da duka ya sauka sai mai dukan da wanda aka daka su daskare na ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙasa da ƙiftawar ido, kafin motsi ya ci gaba. Ido ba ya kama shi a matsayin tsayawa, amma jiki yana fassara shi da cewa ƙarfe ya gamu da ƙashi. Ƙaramin naushi tsayawarsa kaɗan ce, babban sara tasa ta fi tsawo. Sai a haɗa da ƙara, da ɗan girgizar hoto, da yadda wanda aka daka yake tangaɗi. In aka cire waɗannan, takobi zai ratsa mutum ya wuce kamar ba kowa a wurin. Shi ne abin da ka ji.

Ɗan Fagge: Wallahi shi ne, Injiniya. Mutumin ko gezau ba ya yi, sai dai lamba ta fito a kansa.

Baban Hanif: Ni fa ban ƙi God of War ba, amma da kwamfuta kake faɗa. In kana son ka san daɗin duka, ka zauna kusa da mutum ɗan'uwanka ku kara. Nemi Tekken 7. Kada a sayar maka da Tekken 8, wannan ya fito a 2024 kuma ba ya hawa PS4. Abin da ya sa Tekken yake shiga jiki shi ne botin huɗun nan gaɓoɓi huɗu ne: sikwaya hannun hagu, tirayangul hannun dama, ekis ƙafar hagu, sakul ƙafar dama. Bayan sati biyu za ka daina tunanin botin, sai dai ka ce bari in kai masa dama in bi da shuri. Kuma kowane duka yana da farashinsa. Gem ɗin yana tafiya a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, ƙaramin naushi yana fita cikin hoto 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Manyan duka sun fi haka jinkiri, in ka saki ɗaya aka tare ko aka goce, to ka buɗe kanka, sai yadda aka yi da kai. Wannan fargabar ce take sa in babban dukan ya shiga ka ji har cikin ƙirjinka.

Sadauki: Baban Hanif, a bar yaro ya fara da Mortal Kombat 11 mana. Shi muka taso da shi, kuma babu gem ɗin da ƙarar dukansa ta kai tasa.

Baban Hanif: Ƙarar kam akwai ta, ban musa ba. Matsalata da shi ita ce tarewa. A Mortal Kombat botin daban ne kake riƙewa ka tare, mutum ya tsaya cak kamar an dasa shi. A Tekken da Street Fighter baya kake ja, wato tarewa da ja da baya abu ɗaya ne, kamar yadda jiki yake yi da kansa in an kawo maka duka. Sannan kombo ɗin Mortal Kombat, wato jero duka ɗaya bayan ɗaya, sai ka danna jerin botin ɗin gaba ɗaya da sauri kafin ka ga sakamako, kamar kana buga lambar waya. Wasu suna son haka. Ni yana raba ni da faɗan.

Sadauki: Botin tarewar yana da amfaninsa. In Scorpion, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya ɓace ya ɓullo ta bayanka, ba ruwanka da tunanin ina ne baya yanzu, riƙewa kawai za ka yi. Amma na yarda jikin 'yan wasan ya fi na Tekken tauri. Ga kuma jini da yawa, in akwai ƙanana a gida a kula.

Yaya Ummi: Kun bar wanda ya fi dacewa da tambayarsa. Sekiro, na kamfanin FromSoftware, 2019. Shi ya ci kyautar gem ɗin shekara a wannan shekarar, kuma ban taɓa buga abin da ya kai shi ba a wannan fannin.

Ga yadda yake. A yawancin gem jinin maƙiyi kake ci har ya ƙare. A Sekiro akwai wani ma'auni na biyu, na tsayuwar ƙafarsa. Duk lokacin da ya kawo sara ka danna botin L1 daidai saukar takobinsa, ba kafin ba, ba bayan ba, sai ka ji wata ƙara mai kaifi, ƙarfe da ƙarfe, tartsatsi ya tashi, ma'aunin nan nasa ya ƙaru. In ka riƙe botin ne kawai ka tare, ƙarar a dakushe take fita, kuma naka ma'aunin ne yake cika. Kunnenka kaɗai ya isa ya gaya maka ko ka yi daidai. Ranar da nasa ya cika, ko da jininsa bai taɓu sosai ba, sai ya buɗe, ka soke shi suka ɗaya.

Abin da wannan yake haifarwa shi ne ba ka gudu. In ka ja baya don ka huta, shi ma ma'auninsa yana sauka, wahalarka ta tashi a banza. Dole ka tsaya a gabansa kuna musayar ƙarfe. Akwai wani bos, wato babban maƙiyi, Genichiro, a saman fadar Ashina. Kwana huɗu na yi a kansa. A rana ta huɗu na daina kallon jinina, na koma sauraron takobinsa kamar mai bin kiɗa, na san inda zai yi jinkiri da inda zai jero sara. Da na kashe shi hannuna rawa yake yi, sai da na ajiye fad na ɗan zauna shiru. Ba ƙarfin ɗan wasana ne ya ƙaru ba a kwanakin nan huɗu, makamin da na shiga da shi ranar farko da shi na fita.

Oga Mai Shago: Ummi, maganarki ta tuna min da dambe. Wanda bai san dambe ba yana ganin 'yan wasa suna ta zagaye, hannu ɗaya a miƙe ɗaya a ɗaure a baya, sai ya ce ba a yin komai. Alhali duk faɗan yana cikin wannan auna tazarar. Kwab ɗaya ake nema, in ya shiga an yi kisa. Gem ɗin da ya iya sa ka jira irin wannan jiran, shi ne dukansa yake da daraja. Sai dai ina jin tsoron a fara wa yaro da Sekiro. Ba shi da zaɓin sauƙi ko kaɗan. Na ga mutum uku da suka karɓi kaset ɗin a wurina suka dawo da shi kafin sati.

Yaya Ummi: Haka ne Oga, ba na musun wannan. To ya bi ta Ghost of Tsushima tukuna, na 2020. Shi ma takobi ne, a tsibirin Tsushima na Japan lokacin harin Mongol na 1274, kuma yana da zaɓin sauƙi da wahala. Akwai salon tsayuwa huɗu da kake sauyawa: ɗaya na masu takobi, ɗaya na masu garkuwa, ɗaya na masu mashi, ɗaya na ƙarti. Zai koya masa karkatar da sara ba tare da ya karya masa zuciya ba. In hannunsa ya faɗa, sai ya hau Sekiro.

Sadauki: Batman Arkham Knight fa? Mutum ashirin za su kewaye ka kana bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Ummi: Yana da daɗin kallo, kuma dukan ƙarshe da ake rage wa gudu yana da nauyi. Amma gem ɗin yana yi maka rabin aikin. Ka danna duka, Batman ya yi tsalle daga wannan bango zuwa wancan ya sami mutum, ba kai ka auna tazarar ba. Alama kuma tana fitowa a kan wanda zai doke ka. Ga mai son ya huta bayan aiki ya yi. Ga abin da Ɗan Fagge yake nema, ina ganin zai ƙoshi da wuri.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu da ba mu da PS fa, sai waya? A taimaka mana mu ma.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sauke PPSSPP, manhajar da take buga gem ɗin PSP a waya. Tekken 6 yana tafiya a kanta, haka God of War guda biyu, Chains of Olympus da Ghost of Sparta. Amma ka nemi fad ko mai araha ne. Gilashin waya ba ya gaya wa yatsa cewa ya danna, kuma babban yatsanka yana rufe rabin fagen. In wayar tana ja da ƙyar, rage ingancin hoto a saitin maimakon ka bar ta tana tsallake hotuna. Gem ɗin faɗa gara ya yi dishi-dishi yana gudu daidai da ya yi kyau yana sarƙewa.

Ɗan Fagge, kai ma ga naka. Kafin ka yanke wa kowane gem hukunci, shiga saitin talabijin ɗinka ka nemi inda aka rubuta Game Mode ka kunna. Talabijin na zamani suna tsayawa gyara hoto kafin su nuna shi, wannan ɗan jinkirin ba ya damun mai kallon fim, amma a Sekiro shi ne tsakanin karkatar da sara da shan sa. Mutane da yawa suna zargin hannunsu alhali talabijin ne.

Baban Hanif: Tunda an zo maganar karkatar da duka, ku nemi bidiyon Daigo da Justin Wong na Evo, babbar gasar gem ɗin faɗa, ta 2004, a Street Fighter III: 3rd Strike. Jinin Daigo saura ƙiris, ko tarewa ya yi zai mutu, domin babban duka yana cin jini kaɗan ko an tare. A wannan gem ɗin kuma karkatarwa gaba ake turawa, wato cikin dukan kake shiga. Daigo ya karkatar da shuri 15 na Chun-Li, 'yar wasan da Justin ya ɗauka, a jere, sannan ya rama ya ci. Ku saurari ihun mutanen ɗakin. Kuma kada wani ya ce sai ɗan Japan ko Amurka. Arslan Ash daga Lahore ta Pakistan ya fito, a 2019 ya ci Evo ta Japan ya kuma ci ta Amurka a Tekken 7, lokacin da duniya ba ta san ana buga Tekken haka a ƙasarsu ba. A shagunan gem ya koya, irin na Oga.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kuɗin kaset biyu gare ni yanzu. Zan ɗauki God of War da Tekken 7, in na gama na farkon in yi musanyensa da Ghost of Tsushima. Yaya Ummi, Sekiro yana raina, ba zan manta ba. Baban Hanif, wa zan fara ɗauka a Tekken?

Baban Hanif: Paul ko Claudio. Dukansu a bayyane yake, ba su da rikitarwa. Ka guji Eddy da Hwoarang a farko, za ka riƙa cin abokanka da danne-danne ba tare da ka san me ka yi ba, ranar da ka gamu da mai tarewa kuma ka rasa abin yi. Shiga wurin atisaye ka koyi abu uku kacal: naushi ɗaya-biyu, shurin ƙasa guda, da duka ɗaya mai ɗaga mutum sama. Kombo ya biyo baya.

Oga Mai Shago: In ka samu sarari ranar Asabar bayan la'asar ka leƙo shago, masu Tekken suna haɗuwa. Ka taho da fad ɗinka, wanda hannunka zai saba da shi.