Karatun haɗa magunguna: ina neman shawarar waɗanda suka riga ni

Ɗaliba daga Tawa:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na lise, sashen D na kimiyya, kuma idan Allah ya ba ni sa'ar bak a bana, burina shi ne in karanci ilimin haɗa magunguna. Sai dai kawuna ya ce mai farmasi ɗan tireda ne kawai da ya sa farar riga, don haka gara in nemi likitanci. Ina roƙon yayyena su bayyana mini inda ake karatun, tsawonsa, da irin aikin da ke jiran mutum bayan ya gama.

Yaya mai farmasi, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. A gaida Kawu, amma bai ga aikin daga ciki ba. Akwai fannin a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni a nan Yamai, wasu kuma suna tafiya Dakar, Bamako, Wagadugu, Maroko ko Aljeriya. Shekara shida ce bayan bak, a ƙarshe ki kare kundin bincikenki a gaban malamai, a ba ki digirin dokta.

Kwanan baya wata uwa ta kawo mini takardar magani ta yaro mai kilo 9, amma adadin da aka rubuta ya fi dacewa da ɗan shekara goma. Na zaunar da ita a benci, na kira likitan da ya rubuta, muka gyara, ita kuwa tana ta ƙorafin na ɓata mata lokaci. Da ɗan tireda ne, da sai kawai ya miƙa mata kwalbar ya karɓi kuɗinsa. Haka kuma a daren gadi, wajen ƙarfe biyu, saurayi zai ƙwanƙwasa taga yana neman tramol babu takardar likita, dole ki iya cewa a'a ba tare da kin tayar da fitina ba.

Ɗalibin shekara ta huɗu:
Abin da zan ƙara, ƴar'uwa, shi ne ki riƙe kimiyyar sinadarai da hannu biyu, domin ita ce take kayar da mutane a shekarun farko, ba haddar sunayen ƙwayoyi ba. Kuma kada ki ɗauka kanti ne kaɗai makoma. Akwai ONPPC, ma'aikatar gwamnati da ke shigo da magunguna tana rarraba su a ƙasa, akwai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa inda ake gwada ingancinsu, ga asibitoci da ɗakunan awon jini. Duk wanda ya ji labarin jabun rigakafin sanƙarau da ya shigo ƙasar nan lokacin annobar 1995 ya san nauyin wannan gwaji.

Baba ɗan ritaya, Tawa:
Ƴata, gaskiya suka faɗa miki, amma sun tsallake zancen kuɗi. Takardar dokta ba ta buɗe farmasi. Sai da izinin hukuma, da hayar wuri, da jarin cika kantoci, da firji mai injin wuta ko sola, saboda insulin da alluran rigakafi ba sa jure zafin watan Afrilu idan wuta ta ɗauke. Shi ya sa da yawa suke fara aiki ƙarƙashin wani na shekaru, kuma suna maƙale wa Yamai, alhali a ƙauyukan Adar mai tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana shi ne likita, shi ne farmasi. Kafin ki yanke shawara, ki nemi wata farmasi a nan gari ta bar ki ki zauna bayan kanta na mako biyu a lokacin hutu. Idan Kawu ya yarda, ki tafi da shi ranar farko.